Ba Na Zagi, Ba Na Tsawa, Amma An Ce Ba Na Sauraren Mutane

"Assalamu alaikum, Malam. Wata bakwai ke nan da aka ƙara mini girma, aka ba ni shugabancin wani sashe mai ma'aikata tara, waɗanda yawancinsu a da tare muke zaune a ofis ɗaya. A bitar aiki da aka yi mana kwanan nan, uku daga cikinsu sun rubuta cewa ba na sauraren mutane, kuma saƙonnina suna zuwa kamar umarnin soja. Ni kuwa ban taɓa zagin kowa ba, ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ni dai mutum ne da ba ya son dogon surutu a kan aiki. Shin laifina ne, ko kuwa su ne suka kasa sabawa da sabon matsayina? Idan kuma akwai abin gyarawa, daga ina zan fara ba tare da na koma mai wasan kwaikwayo ba?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda: ta farko ita ce wane ne mai laifi tsakaninka da mutanenka, ta biyu kuma ita ce abin da ya kamata ka sauya. Zan fi daɗewa a kan ta biyun, domin a shekarun da na yi ina horar da shugabannin sassa da kuma sasanta ƙorafe-ƙorafen ma'aikata, ban ga inda gano mai laifi ya warware irin wannan matsala ba. Na yarda ba ka zagi kowa ba. Sai dai barin zagi shi ne matakin farko kawai na mutunta mutum, kuma ba a kansa aka kai ƙararka ba. Cewa aka yi ba ka saurare, wannan kuwa zargi ne da zai iya hawa kan mutumin da bakinsa bai taɓa furta mummunar kalma ba.

Abin da ya faru da kai yana faruwa da kusan duk wanda aka ɗaga daga cikin tsaransa. Maganarka tana nan yadda take, nauyinta ne ya ƙaru. Lokacin da kuke zaune tare, idan ka rubuta wa abokin aikinka "zo ka same ni", ba zai ji komai ba, don ya san babu abin da za ka iya yi masa. Yau kai ne kake sa hannu a takardar hutunsa, kai ne kake rubuta rahoton da ƙarin girmansa ya rataya a kai, saboda haka waɗannan kalmomi huɗu sun isa su hana shi sukuni. Ni ma sai da na yi wannan kuskuren kafin na gane. Na taɓa tura wa wata ma'aikaciya saƙo dab da tashi daga aiki cewa ina son ganinta washegari da safe, ban faɗi dalili ba. Da ta zo, idanunta sun nuna ba ta yi barci ba, ta kuma zo riƙe da takardun da za ta kare kanta da su. Ni kuwa ra'ayinta kawai nake nema a kan ranar da za a sa wani horo. Tun daga wannan rana ban sake kiran wanda ke ƙarƙashina ba tare da na faɗa masa abin da za mu tattauna ba, ko da a kalma uku ne.

Abin da ake asara idan aka daina saurare

Mutane irinka, masu son a tafi kai tsaye ga aiki, sukan ɗauki ladabin magana a matsayin ado da ake ƙarawa idan akwai rarar lokaci. Ina son in nuna maka cewa lissafin ba haka yake ba. Christine Porath da Christine Pearson, waɗanda suka daɗe suna nazarin rashin ladabi a wuraren aiki, sun wallafa a 2013 sakamakon tambayoyin da suka yi wa manajoji da ma'aikata 800 a fannonin sana'a 17. Daga cikin waɗanda aka taɓa wulaƙantawa a wurin aiki, kashi 48 cikin 100 sun ce da gangan suka rage ƙoƙarinsu, kashi 12 sun ce sun bar aikin saboda haka, kashi 25 kuma sun amsa cewa sun huce haushinsu a kan abokan ciniki. Mutanen ne suka faɗi wannan da bakinsu, don haka mai shakka zai iya cewa sun ƙara gishiri. To amma akwai gwajin da aka yi a Isra'ila, aka wallafa a 2015, a kan tawagogi 24 na likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da jarirai marasa lafiya. An sa su aikin gwaji a kan mutum-mutumin jariri, sannan aka sa wani da aka gabatar a matsayin baƙon ƙwararre ya yi wa wasu tawagogin 'yar maganar raini, sauran kuma ya yi musu magana ta yau da kullum. Waɗanda suka ji maganar rainin sun fi yin rauni wajen gano cutar da kuma aiwatar da magani, kuma masu binciken sun danganta hakan da raguwar musayar bayani da neman taimako a tsakaninsu.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce gundarin amsata. Abin da shugaba yake rasawa idan mutanensa suka yanke cewa ba ya saurare shi ne labari, musamman mummunan labari. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990 tana zaton tawagogin da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kurakuran ba da magani. Sai ta tarar da cewa su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da aka zurfafa, sai ta bayyana cewa sun fi sauran faɗin kuskurensu ne saboda ba sa tsoron abin da zai biyo baya. Daga nan ta gina ra'ayin da ta wallafa a 1999, wanda za mu iya kira kwanciyar hankalin faɗin gaskiya a cikin tawaga. Kamfanin Google ma da ya nazarci tawagoginsa 180 a wani bincike da ya fara a 2012, wannan siffar ce ya samu a kan gaba cikin abubuwan da ke bambanta tawaga mai nasara da sauran.

Da jini masu harkar jiragen sama suka sayi wannan darasi. Ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasu. Dalilan hatsarin suna da yawa, akwai hazo mai kauri, akwai ruɗani a maganar rediyo. Amma ɗaya daga cikinsu shi ne, lokacin da kyaftin ɗin jirgi ɗaya ya fara gudun tashi, injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, kuma babu wanda ya sake musa masa. Kyaftin ɗin babban mai horar da matuƙa ne a kamfaninsu. Bayan wannan hatsari da wasu irinsa ne aka shigo da horo na musamman da ke koya wa ƙaramin matuƙi yadda zai faɗi damuwarsa a fili, yake kuma koya wa babba yadda zai nemi a faɗa masa. A ofishinka babu ran da zai salwanta, amma tsarin iri ɗaya ne: wani zai ga kuskure a rahoton da za ka kai wa na sama da kai, ya tuna yadda ka katse shi makon jiya, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Yadda saurare yake a aikace

Ba na zaton za ka amfana idan na ce maka kawai ka riƙa saurare, don na tabbata a ganinka kana yi. Yawancin waɗanda ake zargi da wannan hali masu saurin fahimta ne. Tun mai magana bai kai tsakiyar zancensa ba sun hango inda ya dosa, sai su ba shi amsa don a rage ɓata lokaci. A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel sun naɗi ganawa 74 tsakanin likitoci da marasa lafiya, suka gano cewa a matsakaici bayan daƙiƙa 18 likita yake katse bayanin farko na majiyyaci, kuma kashi 23 cikin 100 ne kawai suka samu damar kai ƙarshen abin da ya kawo su. Illar ita ce abin da mutum ya fara faɗa sau da yawa ba shi ne ya fi damunsa ba. Haka ma'aikaci yake: zai fara da batun na'urar buga takarda da ta lalace, alhali abin da ya kawo shi shi ne ba zai iya gama aikin da ka ba shi a ranar da ka sa ba. Idan ka warware masa batun na'urar cikin daƙiƙa goma ka mai da idonka kan kwamfuta, zai fita da damuwarsa, kai kuma ka ji labarin ranar da aikin ya makara.

Saboda haka abin da nake sa waɗanda nake horarwa su fara yi ƙarami ne, kuma da jiki ake yin sa. Idan mutum ya shigo da magana, ka ɗauke hannunka daga kan kwamfuta, ka kife wayarka, ka juyo ka fuskance shi. Idan ba ka da lokaci, ka faɗa masa gaskiya, ka ce kana tsakiyar wani abu, ya dawo ƙarfe biyu, sannan idan ƙarfe biyun ta yi kai ka neme shi. Mutane suna yafe wa shugaban da ya ce ba shi da lokaci yanzu, amma ba sa mance wanda ya riƙa cewa "ina jin ka" idonsa yana kan waya. Idan ya gama, kada ka yi caraf ka amsa. Ka bar ɗan shiru, ka tambaye shi ko akwai wani abu kuma, domin a wannan gaɓar ce ainihin maganar take fitowa.

Sai kuma maimaitawa. Carl Rogers da Richard Farson, waɗanda suka yi rubutu a kan saurare mai himma tun 1957, sun ba da shawarar mai saurare ya maido da abin da ya ji da nasa kalmomin har mai maganar ya gamsu cewa an fahimce shi. Matuƙan jirgi suna yin irin wannan a kullum, suna maimaita umarnin da hasumiyar filin jirgi ta ba su don a kama kuskure kafin ya zama hatsari. A ofis ba sai ka mai da shi waƙa ba, don idan ka yi ta cewa "abin da na ji kana faɗa shi ne" a kowace magana, mutane za su gane daga aji ka kwaso shi. Ka ajiye shi don inda kuskuren fahimta zai yi tsada, kamar ranar miƙa aiki, ko wanda zai ɗauki nauyin wani abu, ko ƙorafin da mutum ya kawo da ɓacin rai. Wata tambaya da na ga tana da amfani ƙwarai ita ce: "Shawara kake nema, ko so kake in yanke hukunci, ko dai sanar da ni kake yi?" Shugabanni da yawa suna ƙwace aikin da aka zo sanar da su ne kawai.

A wurin taro kuwa, abu ɗaya zan ce maka: ka riƙa faɗin ra'ayinka a ƙarshe. Da zarar shugaba ya bayyana matsayarsa, sauran zancen yakan koma neman hanyar amincewa da shi.

Saƙon da ke zuwa kamar umarnin soja

A nan ina ganin gyaran ya fi sauƙi. Justin Kruger da Nicholas Epley tare da abokan aikinsu sun wallafa gwaje-gwaje a 2005 inda aka sa mutane su tura jimloli, wasu na gaske wasu na gatse, ta imel ko da murya. Masu tura imel sun zaci za a gane nufinsu kusan kashi 80 cikin 100, amma masu karɓa ɗan abin da ya haura rabi kawai suka gane daidai, wato kusan daidai da canki-canka. Dalilin shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa lokacin da yake rubutawa, mai karatu kuwa baƙaƙe kawai yake gani, sai ya cike gurbin da abin da yake tsoro. Bari in ɗan ratse a nan. Za ka ji masu horo suna cewa kashi 7 ne kawai na saƙo yake cikin kalmomi, kashi 38 a murya, kashi 55 a fuska. Waɗannan alƙaluma daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian na 1967 suka fito, kuma gwaje-gwajen a kan kalma guda ne da ake furtawa don nuna so ko ƙi, a inda murya ko fuska ta saɓa wa kalmar. Ba su shafi bayanin aiki ba, don haka kada wani ya sa ka ɗauka kalmominka ba su da nauyi. Ni ma na taɓa maimaita alƙaluman a aji kafin na koma na duba asalinsu.

Ba na ce ka tsawaita saƙonninka ba. Gajeren saƙo shi ma girmama lokacin mutum ne, kuma wannan ɗabi'a taka tana da kyau. Abin da ya rage shi ne ka sa abubuwan da za su hana mai karatu yin hasashe. Ka kwatanta "Turo min rahoton" da "Barka da safiya. Don Allah ka turo min rahoton kafin ƙarfe uku, zan shiga taro da shi ƙarfe huɗu." Na biyun ya ɗauki gaisuwa, da lokaci, da dalili, kuma bai ƙara maka fiye da daƙiƙa goma ba. Dalilin ne ya fi muhimmanci, domin shi ne yake ba ma'aikaci damar ya ce maka rahoton bai kammala ba amma ga alƙaluman da za ka buƙata a taron. Haka nan idan an turo maka aiki, ka nuna ka gani, ko da da cewa "na samu, zan duba zuwa Laraba" ne. Shirun shugaba bayan an kwana ana aiki yana daga cikin ƙorafin da na fi ji.

Akwai abubuwa biyu da bai kamata su shiga rubutu ba in da hali. Na farko shi ne gyaran kuskuren mutum a zauren WhatsApp na sashe ko a imel ɗin da aka sa mutane da yawa. Ko da maganarka gaskiya ce, abin da zai riƙe shi ne an tozarta shi a gaban tsaransa, kuma sauran takwas ɗin za su koyi ɓoye nasu kurakuran. Ka kira shi gefe, ka ambaci aikin da ranar da abin da ya jawo, ka bar halinsa a gefe, sannan ka ji ta bakinsa. Na biyu shi ne saƙon dare. Faransa sai da ta kai ga yin doka, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2017, da ke buƙatar kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan haƙƙin kashe na'ura bayan tashi daga aiki. Ko babu irin wannan doka a inda kake, ka sani cewa saƙon shugaba da ƙarfe sha ɗayan dare ana karanta shi ne a matsayin kira na gaggawa. Idan tunani ya zo maka a lokacin, ka rubuta ka ajiye sai da safe, ko ka faɗa a ciki cewa ba sai an amsa yau ba.

Abin da za ka yi da sakamakon bitar

Hanyoyi uku ne a gabanka. Za ka iya yin shiru ka gyara a hankali, wanda ba laifi ba ne, sai dai zai ɗauki lokaci kafin a lura, kuma wasu za su zaci an ja maka kunne ne daga sama. Za ka iya kiran taro na musamman a kan batun, wanda ba na ba ka shawara, don yakan koma zaman tuhuma inda kowa yake kare kansa. Hanyar da na fi so ita ce ka ambaci maganar a taƙaice a taronku na yau da kullum, ka ce ka ga abin da aka rubuta, ka gode, kuma ga abubuwa biyu da za ka sauya. Bayan haka ka zauna da kowane mutum shi kaɗai na minti goma sha biyar, dukansu tara, ka tambaye shi abin da kake yi da ke wahalar masa da aiki. Kada ka nemi sanin su wane ne ukun nan, ko da kana jin ka gane salon rubutunsu. Ranar da aka ji kana bincike, ba za a sake rubuta maka gaskiya ba.

Game da tsoronka na zama mai wasan kwaikwayo, a makonnin farko dole ka ji abin baƙo a bakinka, kamar yadda kowace sabuwar ɗabi'a take. Abin da zai zama kwaikwayo shi ne ka tambayi ra'ayin mutum alhali ka riga ka yanke hukunci kuma ba ka da niyyar sauyawa. Idan hukuncin ya riga ya yanku, ka faɗi haka, ka bayyana dalili. Idan kuma ka ɗauki shawarar wani, ka ambaci sunansa a gaban na sama da kai.

Ya kamata in faɗi iyakar wannan amsa. Bakinka kaɗai na ji, kuma yana yiwuwa a cikin ukun akwai wanda ya so kujerar da ka samu, wanda babu irin lafazin da zai gamsar da shi. Haka kuma kyakkyawar magana ba ta maganin yawan aiki da ƙarancin ma'aikata, ko haƙƙin da aka riƙe wa mutane. Idan waɗannan ne tushen ɓacin ran, tausasa murya ba tare da ɗaukar maganarsu zuwa sama ba zai iya ƙara fusata su. Mutane ma sun bambanta: a cikin taran nan za ka samu wanda ya fi son gajeren saƙonka yadda yake, don haka ka tambaya kafin ka yi wa kowa kuɗin goro. Ka ba kanka wata uku, sannan ka duba ko an fara zuwa maka da matsala tun tana ƙarama, ko wani ya iya ce maka "ranka ya daɗe, ina ganin akwai kuskure a nan" a gaban mutane. Idan hakan ya fara faruwa amma mutum ɗaya ya ci gaba da ƙin ba da haɗin kai, to nasa batun ya zama na aiki, sai ka zauna da shi a kansa daban, bisa ƙa'idar wurin aikinku.